Hutun bazara a gidajen Kaduna: tambayoyi da amsoshi kan azumi, Sallah, Ista da yara

A Tudun Wada aka haife ni, aure ya kai ni Unguwar Dosa. Duk shekara idan zafi ya fara tsananta, tambayoyi sukan zo mini daga amaren da aure ya kawo su Kaduna da matan ma'aikatan da aka yi wa sauyin wurin aiki. Wata daga Katsina, wata daga Yola, wata ma a Legas ta tashi. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da na sani a kansu.

Mene ne kuma hutun bazara? Ban taɓa jin biki mai wannan suna ba.

Babu shi a matsayin biki, abubuwa uku ne suka haɗu a wuri ɗaya. Bazara ita ce tsakanin tafiyar hunturu da faɗuwar damina, daga wajen Maris zuwa Mayu, lokacin da hazo ya washe, rana ta buɗe, mangwaro ya cika kasuwa. A shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a cikinta: an yi ta ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, ranar 30 ga Maris a 2025. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana 10 ko 11, shi ya sa Sallah take jawowa baya kowace shekara, sai bayan kimanin shekara 33 ta komo inda ta taso. Ni da rigar sanyi na riƙa zuwa Idi ina yarinya, 'ya'yana kuwa da gumi suka san ta.

Ista ta Kiristoci ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta kama 31 ga Maris, mu muna cikin azumi. Makarantu kuma a wannan tsakanin suke rufe zango na biyu. To, ga yara a gida, ga baƙi, ga zafi, ga hidima.

Yaya gida yake kasancewa a goman ƙarshe na azumi?

Barci ne yake ƙaranci. A dawo daga asham, a ɗan kishingiɗa, tsakar dare a tashi zuwa tahajjud, kafin a farga lokacin sahur ya yi. Maza suna zuwa tafsiri a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki ko a masallatan unguwa, mu mata galibi a rediyo ko a waya muke saurare, hannu yana cikin ƙullun ƙosai.

Shawarata ita ce duk abin da zai iya ajiyuwa a gama shi tun saura mako guda. Cincin, dubulan, alkaki, nakiya, duk suna jure ajiya idan an rufe su da kyau. A yi suyarsu bayan asuba ko bayan isha, domin tsayuwa a kan kasko da azahar a watan Afrilu, ga ƙishirwar azumi, yana iya kayar da mace. Niƙa ma a kai da wuri. Jajibirin Sallah layin injin markaɗe yakan fito har bakin titi, idan aka ɗauke wuta kuma sai mai injin ya ce kuɗin mai daban ne. Ƙanƙara kuwa da la'asar ake sayenta a zuba a kula, don gab da magariba ko ta yi tsada ko ta ƙare.

Maigida da samarin gida fa, mene ne nasu?

Wannan tambayar ba a cika yi mini ita da ƙarfi ba, amma ana yi. Azumin da maigida yake yi shi matarsa take yi, goman ƙarshen da yake nema ita ma tana nema. Ba daidai ba ne a ce ita ce cefane, ita ce ɗiban ruwa, ita ce wanki da guga, sannan a ce me ya hana ta tahajjud. A gidanmu na Tudun Wada, Baba, Allah ya jiƙansa, ya raba aiki tun muna ƙanana: yayyena maza su ne niƙa, su ne cika randa da duro, su ne shara da wanke kwata, su ne fige kaji. Babu wanda ya ragu da komai saboda haka. Matansu a yau suna yi wa Baba addu'a.

Dole ne kowa ya sa sabon kaya? Yaushe ya kamata a kai ɗinki?

Abin da aka so shi ne mutum ya sa mafi kyawun abin da yake da shi, wankakke, gogagge. Sabo idan da hali. Na san yadda yaro yake ji idan sa'o'insa sun fito da sababbi shi babu, saboda haka idan kuɗi ba su kai ba, yara ake fara yi wa, manya su haƙura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cin bashi saboda leshi ko shadda. Kwana uku da Sallah za a koma neman kuɗin makaranta na zango na uku, mai bashi kuma yana bakin ƙofa. A babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi akwai yadi na kowane farashi, a Kasuwar Barci kuma akwai gwanjo mai kyau na yara wanda idan an wanke an goge babu mai ganewa.

Ɗinki kuwa kafin a kama azumi ake kai shi, ko a goman farko. Wata shekara na kai na yara ana saura kwana goma sha biyu. Telan ya karɓa ya ce in sha Allahu. Daren Sallah ƙarfe sha ɗaya ina tsaye a shagonsa tare da wasu mata huɗu, janareto yana ƙara, rigar ƙaramar 'yata tana kan tebur ko hannu ba a haɗa mata ba. Sai da aka kira asuba yayanta ya karɓo ta, zare yana reto a wuya. Tun daga ranar nake tambayar tela kai tsaye: “Malam, kaya nawa ne a gabana?” Idan ya fara kame-kame, in ɗauki ledata. Haka mai kitso da mai ƙunshi, a kama layi tun saura kwana huɗu ko biyar.

Zakkar fid-da-kai nawa ce, kuma yaushe ake fitarwa?

Sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da aka fi ci a gari: masara, gero, dawa ko shinkafa. Maigida yana fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa take wuyansa, har jariri. A lura, mudun Annabi ba shi ne mudun awo na kasuwa ba, ya fi shi ƙanƙanta nesa. Wanda ba shi da ma'aunin ya ara a wurin limamin unguwa. Ana fitarwa kafin a tafi Idi, an kuma halatta a bayar saura kwana ɗaya ko biyu. Ni na fi son saura kwana biyun, domin wadda aka ba masara tana bukatar lokacin surfe da niƙa kafin ta zama tuwo a gaban 'ya'yanta.

Me ake dafawa ranar Sallah, kuma wa ake kai wa?

A nan ne Sallar take. Abincin bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkaso, sinasir, shinkafa da miya ko dafa-duka, soyayyar kaza, ga zoɓo da kunun aya. Sai dai Kaduna gari ne na taron dangi. A layi ɗaya za ki samu Bazazzagiya da Banufiya da Bayarabiya da Babarbariya, saboda haka kafin azahar tabarmarki za ta cika da abincin da ba ki san sunan rabinsa ba.

Ba don cikin gida kaɗai ake girkin Sallah ba. Inna takan ɗora tukunya tun kafin asuba, ana saukowa daga Idi ta jera kwanuka a tsakar gida, wani lokaci har goma sha biyar. Kowane murfi ta ɗiga masa jan farce a ƙasa don kada ya ɓace a gidan mutane. Tana zubawa tana kiran suna: wannan na gidan liman, wannan na Gwaggo, wannan na tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi, wannan na maigadin makaranta, wannan na almajiran da ke yi mana aike. Sai ta ɗora mini ɗaya a ka ta ce, “Ki yi sallama, ki durƙusa, ki ce in ji Inna tana yi musu barka da Sallah. Kada ki tsaya kallon komai a hanya.” A can za a juye, a wanke kwanon, sau da yawa a zuba nasu a ciki, a ba ni tukuici. Ta haka na san kowane gida a unguwarmu, na san wanda yake da shi da wanda ba shi da shi, ba tare da kowa ya zaunar da ni ya faɗa mini ba.

Amarya sabuwa a unguwa, ko kwano uku ne ki fitar: gidan da ke damanki, gidan da ke hagunki, da gidan surukai. Kada ki jira sai an fara kawo miki. Kada kuma ki auna abin da aka mayar miki da abin da kika aika, wani gidan ranar ko wuta ba su hura ba.

Abu ɗaya game da zafi: miyar taushe da duk abin da aka sa wa gyaɗa ba sa jimawa a bazara, kunun aya ma haka. A raba da wuri, abin da ya rage a tafasa shi da yamma. Firjin da ba a san lokacin da za a kawo wuta ba, ba abin dogaro ba ne.

Maƙwabtana Kiristoci ne. In kai musu? Idan suka kawo mini na Ista fa?

Ki kai musu. Haka muka taso muka tarar. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata malamar asibiti 'yar Kudancin Kaduna, Mama muke ce mata. Da Sallah ita ake fara kai wa, da Kirsimeti da Ista kuma mijinta yakan riƙo kajinsu ya yi sallama ya ce, “Malam, a taimaka a yanka mana,” don dai mu iya ci hankali kwance. A hannunta na fara cin faten acca. Rikicin addini na Fabrairun 2000 ya sa suka kwashe kaya suka tsallaka kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha, kamar yadda Musulmi da yawa suka baro can suka dawo wannan ɓangaren. Na 2002 ya ƙara raba garin. Yau akwai yaran da aka haifa a Rigasa ko a Narayi da ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Har Inna ta tsufa ba ta daina aika wa Mama abincin Sallah ba, sai dai maimakon tsallake katanga, sai da yayana ya hau mota biyu.

Game da cin abincinsu, aya ta 5 a suratul Ma'ida ta halatta abincin ma'abota Littafi. Wanda yake da shakka a kan wani abu na musamman ya tambayi malaminsa. Ko da ba za ki ci ba, ki karɓa da hannu biyu da fuska a sake, ki yi godiya, ki ba ɗan aiken tukuici.

Yana da kyau kuma ki san abin da suke ciki. Da yawansu suna yin azumin kwana 40 kafin Ista. Ranar Juma'ar da ke kafin Ista suna tunawa da gicciye Yesu bisa imaninsu, rana ce ta juyayi, ranar Lahadi kuma ita ce ta murna, a cika coci da sababbin kaya, 'yan zumuntar mata da ankonsu suna waƙoƙi da Hausa. Juma'ar da Litinin ɗin da ke biye duka ranakun hutu ne na gwamnati. Gaisuwar “Barka da Ista” ranar Lahadi ta wadatar.

A ina ake Idi, kuma ana hawan Sallah a cikin Kaduna?

Kusan kowace babbar unguwa tana da filin Idinta, ga kuma Dandalin Murtala da masallacin Sultan Bello. A tafi da wuri, da darduma da lema da ruwan yara, domin ƙarfe tara ta bazara rana ta riga ta yi zafi.

Hawa irin na gargajiya kuwa Zariya ake zuwa. Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da fada, Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta, suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. An yi manyan hawa a nan, kamar wanda aka shirya wa Sarauniyar Ingila a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, amma na taro ne na musamman. Wanda yake son yaransa su ga dawakai da 'yan lifida da jafi a ƙofar fada ya kama hanyar Zariya, kimanin kilomita 80, inda Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli yake hawan Sallah da hawan Bariki da hawan Daushe. A tabbatar tukuna an sanar za a yi, don akwai shekarun da aka dakatar.

Wa ake fara gaisarwa, kuma da wane tsari?

Iyaye, sai surukai, sai yayye da gwaggonni da kawunnai, sannan abokai. Ƙarami ne yake zuwa wurin babba. Ranar farko ta iyayen miji ce a yawancin gidaje, washegari a je na matar, sai dai ba doka ba ce, ku daidaita tsakaninku tun kafin ranar don kada a yi ta a cikin mota. Idan kin shiga wurin surukarki ki cire takalmi, ki durƙusa, ki ce, “Hajiya, barka da Sallah, an sha ruwa lafiya?” Za ta ce, “Lafiya lau, Allah ya maimaita mana, Allah ya yi muku albarka.” Kada ki kama sunanta, kada ki je hannu rabbana, ko goro da turare ne ki riƙe. Idan kin tarar ana aiki, ki ajiye mayafi ki sa hannu.

Ana tambayata ko saƙon WhatsApp ya isa. Ga wanda yake Abuja ko Jidda, kira ya isa. Ga gwaggon da take Kawo ke kina Malali, bai isa ba. Zumunta a ƙafa take, kuma tsofaffi suna lissafin wanda ya zo. Ki fara da waɗanda ba a cika zuwa wurinsu ba: wadda ta yi takaba a bana, wanda yake kwance, wadda ba ta haihu ba. Gidan mai kuɗin dangi ba ya rasa baƙi.

Nawa ake ba yara barka da Sallah? Kuma a bar su su tafi yawon Sallah su kaɗai?

Babu ƙa'ida. Abin da hannu ya iya, a dai canzo ƙananan kuɗi tun da wuri don kowa ya samu. Idan kuɗin yaro ne, na yaro ne. Uwar da ta karɓa ta ce za ta ajiye, to ta ajiye da gaske, ko ta saya masa abu ta nuna masa ta ce ga kuɗinka.

Yawo kuwa, cikin unguwa a gidajen da aka sani babu laifi, su tafi a ƙungiya da babba a cikinsu, su dawo kafin magariba. Tsallaka manyan tituna ko cusa yara takwas a Keke Napep ɗaya, ban yarda ba. Ƙananan da ba su iya faɗin sunan unguwarsu ba, a rubuta lambar waya a takarda a sa musu a aljihu. Idan za a je Gamji, wurin shaƙatawar da ke bakin kogi inda tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take, a je da babba mai ido. Abin da na fi jin tsoro shi ne kogin kansa. Da bazara ruwa yakan ja baya, duwatsu su fito, yara su ga kamar wurin wasa ne, ga zafi yana tura su wanka. Akwai wurare masu zurfi a tsakanin duwatsun. Ku faɗa wa 'ya'yanku maza wannan da babbar murya, ku kuma maimaita.

Har yanzu ana tashe?

Ana yi, daga goma ga azumi, amma ya ragu sosai, kuma wasu shekarun jami'an tsaro kan taƙaita shi. Idan yaran layinku suka zo da gemun auduga da gwangwanayensu, ku fito ku kalla, ku ba su ko hatsi ne.

Yaya ake kare yara daga zafin nan?

Ruwa da iska. Yaron da bai kai azumi ba a riƙa tuna masa shan ruwa, domin uwa mai azumi takan manta. Randar ƙasa a inuwa tana sanyaya ruwa ba tare da jiran wuta ba. Kayan auduga marasa nauyi, wanka safe da yamma saboda ƙurajen zafi. Da dare gidaje da yawa a tsakar gida ake shimfiɗa tabarmi, a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, a kuma ɗaura gidan sauro ko da ana ganin babu sauro.

Bazara ce lokacin sanƙarau, kuma cunkoso a ɗaki marar taga yana taimaka masa, ga shi lokacin Sallah ɗaki ɗaya yakan kwashi baƙi goma. A buɗe tagogi, a rarraba masu kwana. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, a tafi asibiti a lokacin. Kada a ce bari a ga safiya, kada a ce ai yau Sallah ce.

Mu tafi garinmu ne ko mu yi Sallah a nan?

Mutanen Kaduna da yawa suna da wani garin da suke kira gida, shi ya sa saura kwana biyu tashar Kawo take cika, jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016 ma tikitinsa yake wuya. Idan iyaye suna raye a can, a je, ko da shekara ɗaya nan ɗaya can ne. A yi tafiyar da rana, a bar wa maƙwabci amanar gida, a kuma fitar da zakkar kafin a kama hanya idan lokacinta ya shiga.

Sallah ta wuce, yara suna gida, me ya rage?

Manya suna kama Sitta Shawwal, mata kuma da ramuwa a kanmu. Yara su koma Islamiyya da zarar an buɗe. A zagaya a karɓo kwanukan da suka maƙale a maƙwabta, a mayar da na mutane, a ƙarasa gaishe-gaishen da ba a samu yi ba, don har mako biyu bayan Sallah ba a makara ba.

Sai shirin damina. Ruwan farko a Kaduna yakan zo ne da iska mai ƙarfi, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, kuma kwanon da ƙusarsa ta saki shi yake fara ɗagawa. A kira kafinta ya hau ya duba tun sama tana fari. Samarin layi su haɗu ranar Asabar su yashe kwata, domin ledojin ruwa da na zoɓon da aka sha da Sallah duk suna ciki, kuma gidajen da ke gangare kusa da kogi su suke kwana a tsaye idan ta toshe. Masu gona a bayan gari, ta wajen Rigachikun ko hanyar Kachia, su tafi da yara maza sharar gona da kai taki. Daga nan kuma a riƙa kwana da kunne ɗaya a buɗe, don daren da hadari zai taso daga gabas, sai an kwashe tabarmi da yara masu barci an yi ɗaki da gudu.